Wayar da take riga ka sanin abin da kake so

Ƙannena matasa, ku ɗan ba ni aron hankalinku. Wayar da ke aljihunku yanzu ba ta jiran a aike ta. Ka fara rubuta "Allah ya", ta miƙo maka "jiƙansa". Bidiyo bai gama ba, ta riga ta ɗora wani. Facebook ne ke tuna maka ranar haihuwar abokinka. A Amurka har gidaje an kai haka: na'urar Nest, da ta fito a 2011, tana koyon lokacin da mai gida ke fita da dawowa, ta daidaita sanyi da ɗumin gida da kanta.

Sauƙi ne, ban musa ba. Amma me na'urar take koya? Abin da idonka ya daɗe a kai, ba abin da zai amfane ka ba. Ka tsaya kan bidiyon faɗan 'yan fim sau ɗaya, gobe sai ta cika maka tire da irinsa. A 2018 wani babban jami'in YouTube, Neal Mohan, ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa ana kallo a can, bidiyon da manhajar ta zaɓo wa mutane ne. Shi ya sa yaro zai kwanta bayan isha'i da niyyar kallo ɗaya, sai kiran assalatu ya same shi ido jajir, data ta ƙare, ga jarrabawa da safe.

Kuma wannan sanin ba kyauta take samunsa ba. A 2020 binciken 'yan jarida ya nuna bayanan wurin da masu amfani da Muslim Pro suke sun shiga hannun kamfanin X-Mode, mai sayar wa 'yan kwangilar sojan Amurka. Manhajar lokutan sallah ce fa! Daga baya masu ita suka ce sun yanke hulɗa da shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne zumunci. Ta'aziyyar da allon waya ya ƙarasa maka, wace niyya ke cikinta? In mahaifin abokinka ya rasu, tashi ka je ka zauna kan tabarma, ka yi masa addu'a da bakinka.

Yau da daddare ka shiga saitin wayarka. Kashe kunna bidiyo kai tsaye, duba manhajojin da ka bai wa izinin sanin inda kake, ka janye wa waɗanda ba ruwansu da hakan. Lokacin barci kuma, bar ta a caji nesa da shimfiɗa.