Ranar taimakon yara ce, ba ranar cin kasuwar dillalai ba

Ranar Asabar na ɗora hoton wani mutum mai ƙatuwar jaka a baya da na gani a filin wasan besbol (wasan buga ƙwallo da sanda) a nan Amurka, na kuma yi tir da abin da ya yi. Hukuncina a kansa bai canja ba. Magidanci mai furfura a gemu da zai sa kafaɗa ya ture yarinya 'yar shekara 8 daga bakin shinge domin ya miƙa wa ɗan wasa ƙwallaye shida ya sa masa hannu, a ranar da aka keɓe wasan besbol ɗin don tara wa yara marasa lafiya kuɗi, ya yi abin kunya, ko da kuwa dokar Amurka ba ta hana shi ba.

Madalla da wannan jarumi, wanda ya yi galaba a kan 'yan firamare. Na tsaya dab da shi, na ga yadda ya zo da shirinsa: katunan 'yan wasa jere cikin leda, ƙwallaye sababbi fil a kwalayensu, da biro shuɗi har guda uku a aljihun gaba. Ya riƙa juya ƙwallon yana nuna wa ɗan wasan daidai wurin da yake so, wato ɗan siririn filin nan da ke tsakanin jan ɗinki biyu, domin sa hannun da ya faɗa a nan ya fi tsada a kasuwa. Da ɗan wasan ya tambaye shi sunan wanda za a rubuta wa, sai ya ce a bar suna, a sa hannu kawai. Duk wanda ya san harkar ya san ma'anar wannan amsa, tunda ƙwallon da aka rubuta sunan wani a kanta darajarta faɗuwa take yi idan aka kai ta intanet. Mai son ɗan wasa murna yake yi a rubuta sunansa, dillali ne kaɗai yake gudun haka.

Wasu sun rubuto mini cewa ai ya sayi tikitinsa, kuɗinsa ma ya shiga asusun taimakon. To sai me? Wanda ya ba da gudummawa a wurin walima ba a ba shi izinin kwashe naman da ke gaban yara ba. Wasu kuma sun ce nan Amurka ce, komai kasuwa ne, in daina kawo tunanin gida. Wannan magana ba ta ma cancanci amsa ba, domin Amurkawan da ke tsaye tare da mu su ne suka fara yi masa tsawa, ni kuwa uwargida ce ta riƙe mini hannu tana cewa, "Baban yara, ka bar shi, kada ka ɓata musu ranar."

Akwai wuraren da aka tanada musamman don wannan sana'a, inda ake biyan kuɗi a shiga layi, ɗan wasa ya zauna a tebur ya sa hannu a kan duk abin da aka kawo. Ba ni da ja da wannan, kowa ya nemi halaliyarsa. Amma ranar taimako daban take, kuma wasan besbol yana da tarihin da ya isa ya sa mutum ya ji nauyi. Roberto Clemente, ɗan Puerto Rico mai lamba 21 a ƙungiyar Pittsburgh Pirates, ya rasu ranar 31 ga Disambar 1972 yana da shekara 38, lokacin da jirgin da ya ɗauko kayan agaji zuwa ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaragua ya faɗa teku. Har yau ana tunawa da shi kowace 15 ga Satumba, kuma da sunansa ake ba da lambar yabo ga ɗan wasan da ya fi hidima wa jama'a. A cikin irin wannan gado ne mutumin namu ya hango riba.

Ɓarnar da irinsa suke yi ta wuce ta rana ɗaya. A ƙarshen shekarun 1990 sai da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta yi wani babban bincike mai suna Operation Bullpen a kan masu ƙirƙirar sa hannun bogi, kuma tun daga 2001 hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, ta fara manna wa kayayyaki tambarin tantancewa. Tun da kuɗi suka shiga, yarda ta fita. Abin da na gani da idona shi ne, ɗan wasan da ya fito da fara'a ya sa wa mutumin hannu a ƙwallo biyu, ya dubi sauran huɗun, ya mayar masa da bironsa, ya juya ya koma rumfarsu. Yara fiye da goma suna riƙe da hulunansu a sama, ba wanda ya samu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tambayar 'yata a kan kujera. "Abba, ko don ƙwallona ta yi datti ne?" Tsohuwar ƙwallo ce da take bugawa da yayanta a filin unguwa, kuma tun daren Juma'a ta goge ta da tsumma.

Bayan an tashi, wani matashin ɗan wasa da bai ma buga ba a ranar ya tsaya, ya durƙusa, ya sa 'yata ta faɗa masa haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta. Kuskuren nawa ne a nan, domin alƙalami mai kaurin tawada na miƙa masa maimakon biro, alhali fatar ƙwallo shan irin wannan tawada take yi har rubutun ya bazu. Duk mai niyyar kai yaransa ya sayi biro shuɗi na talakawa, kuma ya ajiye ƙwallon nesa da taga saboda rana tana koɗar da rubutu. Tamu tana cikin kwabar falo, kusa da kofunan baƙi.