Tsarin kasuwancin da aka sayo a shagon buga takardu

Har yanzu ana ta aiko mini da saƙo cewa na yi wa yaron nan tsauri, na kashe masa gwiwa, don haka bari in faɗi matsayina a fili. Ba zan sa hannu in tsaya masa a wajen neman rancen ba, kuma ko gobe ya dawo da irin wannan takarda, amsar ba za ta canja ba. Ɗan yayata ne, a gabana ya girma, babu wanda ya fi ni son ya kama sana'a. Amma takarda mai shafi 40 da aka sayo a shagon buga takardu, aka goge sunan wani aka sa nasa, ba tsarin kasuwancinsa ba ce, ko da an yi mata bango mai sheƙi.

Kiwon kaji masu ƙwai 500 yake son farawa. Da na buɗe wajen lissafi, sai na tarar an sa litar fetur naira 185, alhali tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ba wanda ya sake ganin wannan farashi. A wani shafin gonar tana Ibadan, shi kuwa filin da yake magana a kai a hanyar Wudil yake. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne an nuna riba tun watan farko, bayan duk wanda ya taɓa kiwo ya san 'yar tsakuwa ba ta fara ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20, kuma a duk tsawon wannan lokaci ci take yi, ana yi mata rigakafi, ana ɗumama mata ɗaki, wasu ma su mutu, ba tare da sisin kwabo ya shigo ba. Na tambaye shi nawa ne buhun abinci mai kilo 25 a kasuwa yau, sai ya ce, “Kawu, ai yana cikin takardar.” Madalla. Idan abinci ya ƙare a wata na uku, sai a zuba wa kajin takardar su ci.

Tun daga gasar YouWiN ta 2011 da gwamnatin tarayya ta shirya wa matasa masu neman jari, zuwa shirin gidauniyar Tony Elumelu mai ba da jarin dala 5,000 da ya fara a 2015, zuwa rancen AGSMEIS na Babban Banki don noma da ƙananan sana'o'i, duk mai neman jari ya saba da jin cewa sai ya kawo tsarin kasuwanci. Masu ba da kuɗin suna da gaskiya, domin suna son su san ko mutum ya yi lissafi. Mu ne muka mayar da abin tikitin shiga layi, har ya zama haja, na kaji da farashinsa, na kifi da nasa, na ruwan leda da nasa.

An ce mini banki Turanci yake so, yaron kuma bai iya tsara shi ba. To, ya biya a buga masa, ba laifi, amma lambobin su fito daga ƙafarsa da bakinsa. An ce attajiran Kantin Kwari da Singa ba su taɓa rubuta tsari ba. Waɗannan mutane sun yi shekaru suna yaran shago, sun san sari, sun san ranar da kaya ke kwantai, lissafin a kansu yake, kuma ko cikin dare ka tashe su za su gaya maka uwar kuɗi da riba. An kuma ce arziki na Allah ne, kuma haka yake, sai dai an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Wallahi ba don in tozarta shi na ƙi ba. Na ga yadda bashi yake hana saurayi barci, yake sa ya daina zuwa ɗaurin aure don gudun haɗuwa da wanda ya tsaya masa. Abin da na roƙe shi kawai shi ne shafi biyu da Hausa da hannunsa, bayan ya zauna da masu gona uku ya ji abin da suke kashewa kafin ƙwan farko, ya san wanda zai sayi kiret ɗin da kuma ko kuɗi hannu ne ko sai an sayar, ya kuma faɗa mini abin da zai ci shi kansa a watanni biyar ɗin nan. Idan ya kawo wannan, ni da kaina zan raka shi banki.

Na kuma ce ya ware layi guda ga abin da ban taɓa gani a takardun sayen nan ba, wato bashin dangi: kiret biyu da gwaggo za ta aiko a ɗauka ranar suna, da na abokin da zai ce sai albashi ya shigo. Uwarsa ta riga ta yi wa maƙwabta alkawarin ƙwai da azumi, ga shi ko ɗakin kajin ba a gina ba.