A Mancesta ba a fakewa ruwa kyauta

Kawuna ya zo Mancesta ta Ingila cikin Disamba, bikin yaye ɗansa daga jami'a. Dattijo ne da ake miƙe wa idan ya shigo waje. Ranar bikin ya ci ado: babbar riga ta farar shadda da ta sha bugu, hula zanna, takalmin fata mara dunduniya. Muna tafe a Oxford Road yayyafin ya ƙara ƙarfi, iska ta kama lemarsa ta juye ta, ƙarafunan suka yi cirko-cirko. Sai ya yi abin da kowane Bahaushe zai yi, ya raɓa bakin wani shagon shan kofi, ya tsaya ƙarƙashin 'yar rumfar ƙofa. Ba a jima ba wata ma'aikaciya da ba ta wuce sa'ar autarsa ba ta leƙo da murmushinta, ta ce in ba wani abu za mu saya ba mu ɗan matsa, mun tare hanya. Ba tsawa, ba zagi. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, su nan ba a fakewa ruwa?" Na ce, "Ana fakewa Kawu, amma sai da kuɗi." Muka shiga muka sayi shayin da ba wanda ya yi niyyar sha.

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake so in faɗa wa masu shirin zuwa a wannan lokaci abin da za su tarar.

Ruwan nan ba damina ba ne. Babu hadarin da zai haɗu a gabas ya yi baƙi ƙirin, babu guguwar da za ta sanar da kai ka kwashe shanya, da wuya ma ka ji tsawa. Ka tashi da safe ka tarar sama ta yi ruwan toka, ta sauko ƙasa-ƙasa, wani siririn yayyafi yana sauka wanda ko ƙararsa ba ka ji a rufi. Ka raina shi ka fita, kafin ka kai tashar bas ya ratsa ka har singileti. Ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, haka har dare. Idan aka auna ruwan shekara guda, na Mancesta bai yi wa na Kano wani nisa ba. Namu dai yana zubowa ne daga Yuni zuwa Satumba ya gama, nasu kuwa an barbaɗa shi a kan wata goma sha biyu. Wannan laimar ce ma aka ce ta taimaki masaƙun garin a da, don zaren auduga ba ya yawan tsinkewa a iska mai danshi. A nan aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, wadda ta je ta kafa injinan gurzar auduga a wuraren Zariya da Funtua. Wato tun kakanni akwai ciniki tsakaninmu da ruwan garin nan.

Ga kuma sanyi. A Disamba awon zafi yakan yi ta yawo tsakanin digiri 2 zuwa 7 ko 8. Wanda ya ce ai ya saba da hunturun Jos ko na Damagaram, ya sani wancan busasshen sanyi ne, ana maganinsa da bargo da garwashi. Wannan jiƙaƙƙe ne, ta ƙafa yake shiga.

Don haka takalmi ne farko. Rufaffe, mai kaurin ƙasa, wanda ruwa ba ya ratsawa, da safa mai kauri, a kuma riƙe ta canji a jaka. Sai jaket mai hula wadda ruwa ke zamewa a kanta. Lema a garin nan asarar kuɗi ce, duk ranar da aka yi iska za ka ga gawarwakinta cushe a kwandunan shara. Ka je Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ka zaɓo jaket mai kyau tun daga gida, da ma daga irin ƙasashen nan ta je can, ka maido ta garinsu. Ka riƙe ta a hannu cikin jirgi, kada ka cusa ta cikin akwatin da za a auna, don idan akwati ya yi lattin zuwa da kaftani za ka fita. Masu son shigar gida ba a hana ku ba, amma a sa matsattsen wando da riga masu ɗumi a ciki. Babbar riga da hula kuwa a ninke su cikin leda, sai an shiga zauren taro a zura. Shaddar Kawu ta yi laushi tiɓis tun kafin a kira sunan ɗansa, ƙyallin bugun nan duk ya mutu. Mata masu doguwar abaya su ɗage ta, bakinta ne ke sharar ruwan titi ya kai shi har gwiwa.

Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa da zai kai ka tashar Piccadilly cikin kusan minti 20. Motocin bas ɗin gari masu ruwan ɗorawa ne, fam 2 ne kuɗin shiga, da kati ake taɓawa a bakin ƙofa, kuma sai ka ɗaga hannu direba zai tsaya. Kada ka dogara da katin bankin gida kaɗai, ka sa mai masaukinka ya tanadar maka hanyar biya. Wayar caji ba matsala, irin soket ɗinmu ne mai baki uku. Kilishi da man shanu a bar su a gida, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, kwace su za a yi. Nama na halal kuwa ga shi nan birjik a unguwannin Rusholme da Longsight da Cheetham Hill.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne rana. Ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin 4 na yamma an yi magariba. Azahar wajen 12, la'asar kafin 2. Ka shiga kanti da niyyar ɗan dubawa, ka fito ka tarar salloli biyu sun wuce ka. A sa jadawalin salla a waya, a fita da alwala, mai huffi ya zo da abinsa. Agogon gida kuma yana gaba da awa ɗaya a wannan lokaci, masu kiran iyali su kiyaye.

Adalci dai, suna da abin yabo. Ana ruwa wuta ba ta ɗaukewa. Kwatoci suna janye ruwa, ba ka naɗe wando ka tsallaka tafki a tsakiyar titi, ba irin abin da ya sami 'yan Kantin Kwari a daminar 2022 ba. Ko da yake su ma ranar 1 ga Janairun 2025 kogin Mersey ya cika ya shiga gidaje a Didsbury da Stockport, kada wani ya ce mana aljanna ce.

Amma ni duk wannan bai biya ni ba. A wurinmu idan ruwa ya sauko gari ne ke tsayawa. Ka faɗa zauren da ya fi kusa, ba ka san mai gidan ba, a turo yaro da tabarma. Mai shago ya janye buhu ya ba ka benci. A rumfar mai shayi ɗan acaɓa da ma'aikacin banki su cunkushe wuri guda ana ta hirar gero ya yi kyau bana ko bai yi ba. Ka makara wajen aiki ka ce ruwa ne ya tsare ka, a ce Allah ya sa mai albarka ne. A nan ka kawo wannan uzuri ka ga yadda za a kalle ka. Kowa ya sunkuyar da kai cikin hular jaket yana sauri, ba mai yi wa wani barka da ruwa. Gidajen jere suke, ƙofa a bakin titi, a rufe ruf, ko ɗan soron da mutum zai raɓa babu. Za a ce mini ai mutanen da ruwa bai taɓa yi musu yaji ba, ba za su san daɗin saukarsa ba, kuma da za su tsaya duk ranar da ya zubo da ba su yi aikin komai ba. Na ji. Amma dattijo a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf, me zai rage wa shago?

Na san za a tunatar da ni sababbin unguwanninmu na Kano da Kaduna da Abuja, inda katanga da get da maigadi suka maye gurbin zaure. Wannan ma ciwo ne, kuma daga irin nan aka kwaso shi.

Abin da ya fi damuna yana cikin gidana. 'Ya'yana a nan aka haife su. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, abin da babban zai fara tambaya shi ne ko mai zuwan ya sanar tun da wuri. Ba su taɓa wankan ruwan sama tsirara a tsakar gida ba, ba su taɓa tara bokiti a bakin indararo ba, ruwa a wurinsu abin da ke hana wasan ƙwallo ne kawai. Na ce wa uwarsu hutun Agusta mai zuwa gida za mu, tsakiyar damina, su zauna wajen kakarsu. Ta ce lokacin ne tikiti ya fi tsada, ga sauro, ga zazzaɓin cizonsa ga yaran da jikinsu bai san shi ba, a bari sai Disamba. Ni kuma na ce Disamba ƙura kawai za su gani. Har yanzu ba mu daidaita ba, amma na fara tambayar farashin tikiti.