Jinin mai zazzaɓi ya sauka, ku kuma kuna hamdala?

Tunda na'urar awon hawan jini mai batir ta yi araha ta shiga kemis-kemis da gidajen Kano, muka tsiri wata fahimta: duk lambar da ta yi ƙasa lafiya ce. Dattijuwa ta kwana uku tana zazzaɓi, fitsari na yi mata zafi, ta fara sambatu. A ɗaura mata na'ura ta nuna 90 bisa 60, ɗanta ya ce, "Alhamdulillahi Hajiya, jinin ya sauka." Matar da ta saba da 160 fa!

Wannan alamar sefsis ce. Jiki ne yake wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayar cuta, jijiyoyin jini su saki, jini ya kasa isa ƙoda da ƙwaƙwalwa, kamar ruwan famfon da ba ya hawa bene. Lambar sama 100 ko ƙasa, numfashi 22 ko fiye a minti, ruɗewar hankali: biyu cikin ukun nan suka haɗu ga mai zazzaɓi, likita ba ya zama. A 2017 sefsis ya kashe mutum kusan miliyan 11, ɗaya cikin biyar na mace-macen duniya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dabarar da ke biyo baya: a kira mai kemis ya rataya ledar ruwa a ƙusar bango, wai a ɗaga jinin. Ƙarin ruwa ba shayi ba ne. A wani gwaji a Lusaka ta Zambiya da aka wallafa a 2017, masu sefsis da aka ɗura wa ruwa mai yawa cikin gaggawa kashi 48 cikin ɗari suka rasu, waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kashi 33. A asibiti kenan, gaban likitoci, balle a tsakar gida. A Faransa ma, a wani gwajin da aka wallafa a 2014, an tura matsakaicin awon jinin masu sefsis (wanda ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa) zuwa 80 maimakon 65, mace-mace ba su ragu ba. To lamba ake jinya ko mutum? Ceto yana ga maganin kashe ƙwayar cuta ta jijiya da wuri, da gano inda cutar ta ɓuya.

Masu cewa Asibitin Murtala layi, na Malam Aminu Kano tsada, su tambayi kuɗin wankin ƙoda.

Masu shelar hawan jini a rediyo kun faɗi rabi kun bar rabi. Ku ƙarasa, ma'aikatar lafiya kuma ta leƙa ɗakunan bayan kemis.