Ƙwayar da nake haɗiya kowace safiya

Shekara uku ke nan kullum in na dawo daga sallar asuba sai na haɗiyi ƙwaya ɗaya kafin in sha kunu. Sunanta tenofovir, ta ciwon hanta ce. Ban taɓa faɗin wannan a Facebook ba, gardamar da muka yi jiya a fada ce ta sa. Wani abokina ya rantse cewa kamfanonin magani na Turawa su ke ƙera cuta don su sayar da magani. Na yi shiru har aka zuba shayi na uku, amma abin ya kwana yana cina.

Da yayana aka fara. Idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe. Daga baya ciki ya kumbura kamar tulu, sai magana ta koma sammu, tunda ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ba a rasa mahassada. Ranar da muka kai shi likita, lokotoro ya dubi hoton cikin, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, sankarar hanta ce, kuma ta yi nisa. Ku da kuke ciki ɗaya da shi duk ku yi gwaji." Wata biyu tsakani muka kai shi makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Mu biyar muka ba da jini, uku aka samu da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, har da ni.

To, wa ya fito da maganin da nake sha? Kamfanin Gilead Sciences ne na Kalifoniya a Amurka, wanda aka kafa a 1987. A 2001 aka amince da tenofovir don masu sida, a 2008 kuma don ciwon hanta nau'in B. Ba ya kashe cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi kada ta cinye hanta. Nawa kwalin ma daga Indiya ya zo, don yanzu kamfanoni da yawa na yin sa da araha.

Ban ce waliyyai ne ba fa. 'Yan kasuwa ne, kuma mu Maraɗawa ba a koya mana halin ɗan kasuwa. A 2013 suka fito da sofosbuvir mai warkar da ciwon hanta nau'in C, suka yanka masa dala 84,000 na mako 12, wato ƙwaya ɗaya dala 1,000. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sayen alewa ba. Amma dubi abin da Masar ta yi: ta zauna ta yi ciniki, a 2014 ta samu maganin a wajen dala 900, daga baya kamfanoninta suka riƙa yin nasu, sannan ta bi gari-gari tana gwada miliyoyin mutane. Wannan ne ya tsaya min a rai. Ashe kuɗin magani ba wahayi ba ne, ana tayawa, ana cewa albarka.

Haka aka sake yi da lenacapavir, allurar kariya daga sida da ake yi sau biyu kacal a shekara. A Amurka a 2025 ta haura dala 28,000 a shekara, amma tun a 2024 kamfanin Gilead ya ba masana'antu shida izinin yin ta don ƙasashe 120 masu ƙaramin ƙarfi.

Ɓangaren sankara kuwa, nan kuɗi ke magana. Gilead sun sayi kamfanin Kite Pharma a 2017 a kan kusan dala biliyan 12, don wata dabara da ake ɗibar ƙwayoyin garkuwar jikin mara lafiya, a gyara su, a mayar masa su yaƙi sankarar jini. Abin mamaki ne, amma gaskiya wannan ba tamu ba ce tukuna. Mu da in za a yi wa mutum gashin sankara sai ya ɗauki hanyar Yamai, sama da kilomita 600, da ciwo a jiki da bashi a wuya.

Shi ya sa nake ganin abokina ya saki reshe ya kama ganye. Ba kamfanin Amurka ne ya hana yayana gwaji ba. Maganin da zai iya tsare hantarsa yana nan tun yana da ƙarfinsa, ba wanda ya ce masa ya duba jininsa. Ni kaina abin da ke karya min aljihu ba ƙwayar ba ce, gwajin auna yawan cutar a jini ne, wanda da shi lokotoro ke gane wa ya kamata ya fara magani, wa zai jira. Nan ya kamata hukumomin lafiya su sa hannu, da kuma allurar rigakafin da ake so jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa, domin da yawanmu tun muna goye muka ɗauka.

Ranar Asabar zan kwashi 'ya'yan marigayi huɗu in kai su gwaji. Uwarsu ta ce tsoro take ji, na ce mata, "Yaya, ni ma da tsoron na je." Abokina na fada kuwa, na ce in ya yarda akwai sauran wuri a adaidaita, ni zan biya.