In an canza koci, ku duba gola tukuna

Na san a Jos ɗin nan in ka ce hoki sai a tsaya ana kallonka, daga Terminus har Farin Gada maganar Arsenal da Barca ake yi, amma ni dai ina bin hokin ƙanƙara na NHL da ake bugawa a Amurka da Kanada, duk da wasanninsu tsakar dare suke riskarmu. Abin da yake min ciwo wallahi shi ne saurin yanke hukunci da zarar an kori koci ana tsakiyar kaka. Kulob ya ci wasa huɗu ko biyar, shi ke nan sabo ya zama gwani, tsoho kuma bai taɓa sanin komai ba. Haba jama'a!

Ku ɗauki St. Louis Blues. A Nuwamba 2018 suka sallami Mike Yeo suka ba Craig Berube riƙon ƙwarya, kuma har farkon Janairu 2019 su ne na ƙarshe a duk lig ɗin, wato sati shida da canjin abin bai gyaru ba. Sai suka sa wani matashin gola Jordan Binnington a raga ran 7 ga Janairu, Philadelphia suka kasa zura masa ko ɗaya, daga baya suka ci wasa 11 a jere, a Yuni suka doke Boston Bruins suka ɗauki Stanley Cup, wato kofin zakarun NHL, karon farko a tarihinsu. Berube ya yi aiki, ban musa ba, ya sa yaran sun koma wasan ƙarfi, amma duk mai ba da labarin nan ya tsallake Binnington bai yi adalci ba.

Na Edmonton Oilers ma ya fi taɓa ni. Nuwamba 2023 aka kori Jay Woodcroft don wasa 3 kacal suka ci cikin 13, alhali tauraronsu Connor McDavid ya sha fama da rauni, gololinsu kuma ba sa kama komai, har Jack Campbell sai da aka tura shi ƙaramin lig. Sabon koci Kris Knoblauch ya zo, McDavid ya dawo daidai, gola Stuart Skinner ya farfaɗo, suka ci 16 a jere suka je har fainal. To wannan nasarar ta mutum ɗaya ce?

Kakar NHL wasa sama da 80 ce, ni sai an buga kamar 25 a hannun sabon koci nake buɗe baki. Ina duba hari nawa ake kai wa ragarsu yanzu, da yadda suke tsare gida in an fitar musu da ɗan wasa na minti biyu, don a nan ne hannun koci yake fitowa fili. In hare-haren ba su ragu ba gola ne kawai yake ta ceto, to ni ba zan ba koci wannan yabon ba.