Ranar da sakandare ta ƙi zama firamare

Har yanzu in na tuna da ranar Talatar nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, amma tunda an riga an baza labarin a ofis har da ƙarin gishiri, gara ku ji shi daga bakina.

Kun san aikin da Oga ya ɗora min, wai rumbun bayananmu na MongoDB da ke zaune kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe shi, ɗaya tilo a mayar da shi gungu, a yi masa kwafi sannan a rarraba shi gida-gida. Ba zan ja ku da nisa ba: shad biyu, wato gidajen da aka raba bayanan, kowanne da saba uku masu kwafar juna, sabobin kwanfig uku masu riƙe lissafin inda komai yake, sai manhajar mongos a gaba tana nuna wa kowa hanya. Kwana huɗu ina kai. Yini guda cur ya tafi kafin in gano cewa tun daga siga ta 3.6 mongod, wato manhajar rumbun da ke kan kowace saba, ba ya sauraron kowa sai kansa in ba ka taɓa saitin bindIp ba, rabin wani yinin kuma ya tafi kan keyFile, fayil ɗin sirrin da sabobin ke gane juna da shi, da ya hana komai tashi don na bar wa kowa izinin karanta shi. Wannan duk ba komai, tunda ba wanda ya gani.

Matsalar ta fara ne da na ce a taru in nuna. Ba wanda ya ce in tara mutane fa, ni na je da ƙafata na ce Yallabai, a zo a ga aiki.

Aka taru gaban rak ɗin sabobin nan na kusurwa. Na ɗora laftof a kan kujera, na gyara murya na shiga bayani kamar a kaina aka ƙirƙiro abin. Na ce kun ga a kowane rukuni akwai firamare guda, ita kaɗai ke karɓar rubutu, sauran biyun sakandare ne, aikinsu su bi oplog ɗinta, wato kundin ayyukanta, suna kwafar duk abin da ta yi. Yaron nan ɗan koyon aiki ya ce Oga, wato a nan firamare ce gaba da sakandare? Aka yi dariya, ni ma na yi, lokacin ina da sauran dariya. Na ci gaba, na ce duk daƙiƙa 2 suna taɓa juna su ji ko kowa na numfashi, in aka yi daƙiƙa 10 ba a ji ɗuriyar firamare ba sai sauran su kaɗa ƙuri'a, wadda ta samu rinjaye ta hau kujera, masu amfani da manhajarmu ko ƙiftawar ido ba za su yi ba. Daga nan sai bakin da ke yanka wuya ya ce, Yallabai, ga wayoyi nan, zare ta duk wadda ranka ya so.

Oga ya dube ni ta saman tabarau ya ce ka tabbata? Na ce ranka ya daɗe, in ma ka ga dama ka rufe ido ka zara. Bai rufe ido ba. Sai da ya tambayi wacce ce firamaren shad na farko, ya sa yatsa biyu ya zare wayarta a hankali, ya riƙe ta a sama kamar wanda ya kamo ɓera ta wutsiya.

Ni kuma na fara ƙirge da ƙarfi. Wannan ƙirgen shi ne abin da ba zan yafe wa kaina ba, don ba wanda ya sa ni. Ɗaya, biyu, uku, ina yi ina kallon fuskokinsu ina murmushi, har da ɗaga yatsu. Na kai goma na juya ga allo na buga rs.status() don ganin matsayin kowacce. SECONDARY, SECONDARY, ɗayar kuma ba a samunta. Na ce wani lokaci takan kai sha biyu. Sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Na sake bugawa. Suna nan yadda suke. Wajen ashirin muryata ta fara sirancewa, wajen ashirin da biyar na koma ƙirgawa a maƙoshi, amma kun san in ka fara ƙirge a gaban mutane ba ka san inda za ka tsaya ba, in ka yi shiru kamar ka amsa laifi ne, don haka na ci gaba, talatin da ɗaya, talatin da biyu, ina danna kibiyar sama da enta kamar yawan dannawar ne zai sa su yi zaɓen. Shafin gwaji da na buɗe a gefe don burgewa yana ta juya ɗan da'irar nan. Oga har yanzu hannunsa na sama da wayar. Gumi ya karyo min, a ɗakin da sanyin esi ke sa mutane saka rigar sanyi.

A arba'in da bakwai ne Malam Postgres, abokin aikinmu da muke kira da sunan wani rumbun bayanan daban, ya yi gyaran murya.

Bari in tsaya kan mutumin nan tukuna, don kun san shi. Shekara nawa muna tare bai taɓa cewa abu ya lalace ba, sai dai ya yi "hmm" ɗin nan ta hanci ya juya kujerarsa rabi, ya bar ka da sauran. Tun ranar da aka ce za a yi aikin nan yake cewa shi dai da teburi da layuka aka san shi, wai bayanan da ba su da tsari kamar ɗakin gwauro ne. Kuma wannan mutumin da ke maganar tsari shi ne ya ari cajata tun watan da aka canja mana kujeru, cajar da na naɗa wa jan salatif a wuya don kada ta ɓata, kullum ina ganinta a maƙale a teburinsa, na tambaya sau biyu ya ce ai irinsu ɗaya ne da tasa. Irinsu ɗaya har da salatif ɗin? Ranar ma da ita ya zo, tana leƙowa daga aljihunsa, ina ƙirga arba'in da takwas ina kallon jan salatif ɗina.

Bai ce komai ba fa. Hmm ɗin kawai.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne ɗan koyon, kuma shi da zuciya ɗaya ya yi. Na buga rs.conf(), mai nuna saitin rukunin, don dai a ga ina wani abu, yaron ya leƙo ta kafaɗata ya sa yatsa a kan allo, ya ce Oga, me ya sa ta ukun nan aka rubuta mata votes 0, ita ba ta zaɓe ne?

Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nan take na tuna. Wani tsohon rubutu na bi, na zamanin kafin 5.0, da ya ce in za ka ƙara sabuwar sakandare ka sa mata ƙuri'a sifili da fifiko sifili har ta gama kwafar bayanai, sannan ka dawo ka mayar mata. Na yi rabin farko, ban dawo ba. Kenan masu ƙuri'a biyu ne kacal a rukunin, rinjayen biyu kuwa biyu ne, Oga ya zare ɗaya, wadda ta rage ta zaɓi kanta har ta gaji ba za ta wuce ƙuri'a ɗaya ba. Ita ma firamaren da aka zare, da ta duba ba ta ga rinjaye ba sai ta sauka da kanta. Saba uku lafiyayyu, ba shugaba ko ɗaya.

Na ce Yallabai, a taimaka a mayar da wayar. Ya ce au, ba da ido rufe za a yi ba? Ya mayar. Aka yi zaɓe, na gyara ƙuri'ar da rs.reconfig() hannuna na rawa, aka sake zarewa, wannan karon cikin 'yan daƙiƙu sakandare ta hau. Ban ƙirga ba. Ɗan koyon ne ya ƙirga, a hankali, amma na ji shi.

Da na bari a nan da an tashi da sauran mutunci. Sai na ce bari a ga rarrabawar ma, na saki rubutun gwaji masu yawa ta mongos. Fankokin shad na biyu suka ɗau kuka kamar za su tashi sama, na farko kuwa shiru kamar an aike shi. Ashe makullin rabon da na zaɓa, wato abin da ake dubawa a san shad ɗin da bayani zai je, lokacin shigar da bayani ne, lamba ce da kullum gaba take yi, don haka duk sabon rubutu a guntun ƙarshe yake faɗawa, guntun kuma a shad ɗaya yake zaune. Balansa, mai daidaita kaya tsakanin shad, na ta faman kwashe guntaye masu 128MB tana kai wa ɗayan, ana zuba mata sabbi a inda ta kwashe. A nan ne Malam Postgres ya buɗe baki karo na farko, ya ce wato dai saba ɗayar da muke da ita ce, sai dai yanzu ta samu 'yan kallo.

Oga ya yi dariya har da cire tabarau.

Na koma makullin hash mai warwatsa rubutu daga baya, Allah ya sa tun 5.0 akwai reshardCollection na canja makullin rabo, kuma bayanan gwaji ne, ba sai na rushe komai ba. Yanzu rubutu na rabuwa daidai, na zare waya ni kaɗai da daddare sau uku ba wanda ya gani. A ofis dai sunana ya koma Ƙuri'a Sifili, har mai gadi ya ji ana faɗa ya kama, bai ma san me ake nufi ba.

Cajar kuma jiya na ga ya cire mata salatif ɗin.